Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Abin da Garkuwar Jiki Ke Yi wa Ƙwaƙwalwa a Kwanakin Farko

Da wuya ka shiga zango, a Kumasi ne ko a Yawunde ko a Injamena, ba ka ji labarin wani dattijo da "jini ya buge shi" ba. Jiya yana shago yana ƙirga kuɗi, yau baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe. Abin da ke ƙara ɗaure wa iyali kai shi ne abin da ke biyowa baya. Sai a ga mutum ya fara farfaɗowa, har an fara murna, a kwana na uku zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi nauyi, jiki ya rikice. Wani kuma ya tashi ya fara tafiya, bayan shekara guda mantuwa ta kama shi.

Masana sun daɗe suna ɗauka cewa cutar nan matsalar jijiyar jini ce kawai: jijiya ta toshe ko ta fashe, wani sashe na ƙwaƙwalwa ya mutu, shi ke nan. Binciken shekaru 30 da suka wuce ya nuna toshewar jijiya mafari ne. Abin da garkuwar jiki ke yi a sa'o'i da kwanakin da ke biye yana da babban hannu a kan ko mutum zai tashi, da kuma yadda zai tashi. Daga cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa akwai wata masaniya 'yar Ingila, Farfesa Nancy Rothwell ta Jami'ar Manchesta.

Daga binciken ƙiba zuwa ƙwaƙwalwa

An haifi Nancy Rothwell a 1955 a yankin Lancashire na arewacin Ingila. Ta yi karatun kimiyyar aikin sassan jiki a Landan, kuma aikinta na farko bai shafi ƙwaƙwalwa ba sam. Tana binciken ƙiba ne: me ya sa wani ke cin abinci da yawa bai yi teɓa ba, kuma ta yaya jiki ke ƙona abin da ya ci ya mai da shi zafi. Wannan ya kai ta ga tambayar me ke sa mara lafiya zazzaɓi da rama. A nan ta ci karo da wani sinadari da jiki ke fitarwa idan ya ji rauni ko ƙwayar cuta ta shige shi, mai suna intalukin-1, wanda ake taƙaitawa IL-1.

Aikin IL-1 kamar na mai shela ne. Shi ke sanar da sauran jiki cewa akwai matsala a wuri kaza, ya ɗaga zafin jiki, ya kira fararen ƙwayoyin jini su taru. Jan da ciwo ke yi, da zafi, da kumburi, duk yana da hannu a ciki.

Bayan ta koma Manchesta a 1987, sai ta fara tambaya: idan ƙwaƙwalwa ta ji rauni, shin wannan mai shela yana aiki a cikinta? A lokacin, yawancin masana na ganin ƙwaƙwalwa a killace take. Akwai wani shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke tace abin da zai shiga, don haka aka ɗauka dakarun garkuwar jiki ba su da wani aiki a ciki.

A 1992, ita da abokiyar aikinta Jane Relton suka fitar da sakamakon wani gwaji a kan ɓeraye. Sun toshe jijiyar jini a ƙwaƙwalwar ɓerayen, sannan suka ba wasu daga cikinsu wani sinadari da ke toshe kunnen ƙwayoyin jiki daga jin shelar IL-1. Ɓarnar da ta samu ƙwaƙwalwar waɗanda aka ba sinadarin ta ragu da kusan rabi. Jijiyar da aka toshe iri ɗaya ce, jinin da ya yanke iri ɗaya ne, amma ɓarnar ta bambanta. Ke nan wani babban kaso na lahanin ba rashin jini ne kaɗai ya kawo shi ba, martanin da jiki ya mayar ne.

Wannan aiki ya sa aka zaɓe ta cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, a 2004. Daga 2010 zuwa 2024 kuma ta shugabanci Jami'ar Manchesta, mace ta farko da ta riƙe wannan kujera.

Me ke faruwa a cikin kai?

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana shan kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke ɗauke da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Da zarar jini ya yanke, ƙwayoyin da ke tsakiyar wurin kan mutu cikin 'yan mintuna. Wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafi a 2006 cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a kowane minti.

A kewayen wurin da ya mutu akwai wani yanki da jini ke ɗan tsattsafowa. Ƙwayoyin da ke nan sun daina aiki amma ba su mutu ba, suna tsakanin rai da mutuwa. Duk kokawar likitoci a kan wannan yanki take. Idan aka ceto shi, hannun da ya mutu na iya dawowa. Idan aka rasa shi, ya tafi ke nan.

To, a nan kumburi ke shigowa. Ƙwaƙwalwa tana da nata masu gadi, wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira maikurogiliya, waɗanda wani masani ɗan Sifen, Pío del Río Hortega, ya bayyana tun 1919. Da sun ji ƙwayoyi suna mutuwa sai su farka, su fara fitar da IL-1 da makamantansa. Shingen nan da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa sai ya fara yoyo. Ruwa ya shiga, fararen ƙwayoyin jini su kutsa. Idan ƙafa ta kumbura tana da wurin buɗawa, amma ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon ƙashi take. Shi ya sa a babban bugun jini, kumburin kan kai ƙololuwa tsakanin kwana 2 zuwa 5, kuma a daidai nan ne wasu ke rikicewa bayan an ga kamar sun samu sauƙi.

Me ya sa ba a kashe kumburin gaba ɗaya ba?

An gwada. A 2001 aka fitar da sakamakon gwajin wani magani mai suna enlimomab a kan marasa lafiya 625, wanda aka yi domin ya hana fararen ƙwayoyin jini shiga ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka samu maganin sun fi waɗanda ba su samu ba shan wahala: zazzaɓi ya fi yawa a cikinsu, haka ma mutuwa.

Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna kumburi fuska biyu gare shi. Ƙwayoyin da ke ƙara ɓarna a kwanakin farko, su ne kuma daga baya ke kwashe matattun ƙwayoyi, su share wuri, su fitar da sinadaran da ke sa sabbin jijiyoyin jini su tsiro. Da masu bincike a Budapest suka kawar da maikurogiliya daga ƙwaƙwalwar ɓeraye kafin su toshe jijiya, raunin ƙaruwa ya yi. A Jamus kuma, Arthur Liesz da abokan aikinsa sun nuna a 2009 cewa akwai wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne lallashin sauran, su ce "ya isa haka". Idan babu su, ɓarnar ta fi faɗi.

Duk wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa zai gane wannan. 'Yan kwana-kwana na iya jiƙa kayan shagon da wuta ba ta kai ba, har su lalata shi. Amma ba wanda zai ce saboda haka kada a kira su. Abin nema shi ne a san yawan ruwan da za a zuba, da inda za a zuba, da lokacin da za a tsaya.

Daga ɓera zuwa mutum

Sinadarin da Rothwell ta yi amfani da shi ya zama magani mai suna anakinra, wanda aka amince da shi a Amurka a 2001 domin masu ciwon amosanin gaɓɓai. Likitocin asibitin Salford, kusa da Manchesta, suka gwada shi a kan masu bugun jini. Gwajin farko da aka fitar a 2005 mutum 34 ne, ya nuna maganin ba ya cutarwa. Na biyu, wanda Farfesa Craig Smith ya jagoranta aka fitar a 2018, mutum 80 ne, ana yi masu allura a ƙarƙashin fata sau biyu a rana har kwana uku, an kuma fara cikin sa'a 5 da faruwar abin. Alamomin kumburi a jininsu sun ragu ƙwarai. Amma da aka duba su bayan wata uku, ba a ga sun fi sauran warwarewa ba.

Ba wannan magani kaɗai ya gamu da haka ba. Wani nazari na 2006 ya ƙirga hanyoyin magani 1,026 da aka gwada a kan bugun jini, mafi yawa a kan dabbobi, kuma kusan dukkansu ba su haye zuwa gadon asibiti ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ɓerayen ɗakin gwaji matasa ne masu ƙoshin lafiya, alhali mai bugun jini yawanci dattijo ne mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ƙiba, wanda jikinsa ya riga ya daɗe da ɗan kumburi a ɓoye. Wannan ya sa masu binciken Manchesta, ciki har da Farfesa Stuart Allan, suka koma gwaji a kan tsofaffin ɓeraye masu ƙiba, domin abin ya yi kama da na mutane.

Don haka mai karatu ya riƙe wannan: har yanzu babu wata allura ko ƙwaya ta "kashe kumburin ƙwaƙwalwa" da aka tabbatar tana warkar da shanyewar ɓarin jiki. Duk wanda ya kawo maka kwalba a mota ko a WhatsApp ya ce ita ce, kuɗinka yake so.

Garkuwar jiki kan faɗi

Amfanin binciken ya fi fitowa ta wani ɓangaren. A daidai lokacin da kumburi ke tashi a cikin kai, garkuwar sauran jiki faɗuwa take yi. Masu bincike a asibitin Charité na birnin Balin, Konstantin Prass da Andreas Meisel da Ulrich Dirnagl, sun nuna haka a 2003. Ɓerayen da aka toshe wa jijiya sun kamu da ciwon huhu cikin kwana uku ba tare da an sa masu wata cuta ba. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana aika saƙon firgici, sinadaran tashin hankali su cika jini, fararen ƙwayoyin jini su mutu da yawa, saifa ta tsuke.

A wani gwajin da suka fitar a 2006, ƙwayoyin cuta 200 kacal sun isa su jawo ciwon huhu mai tsanani ga ɓeran da ya samu bugun jini. Lafiyayyen ɓera sai da aka sa masa 200,000 kafin ya kamu haka. Ninki dubu ke nan.

A mutane ma an ga haka. Kusan mutum 3 cikin 10 na kamuwa da wata cuta bayan bugun jini, kusan 1 cikin 10 kuma ciwon huhu ne, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Ta ina cutar ke shiga? Ta baki. Kusan rabin masu bugun jini ba sa iya haɗiya daidai a kwanakin farko. Ruwa ko kunu ya bi hanyar iska ya gangara huhu, wani lokaci ko tari mutum ba zai yi ba, ga kuma garkuwa a ƙasa.

A nan ne al'adarmu ta tausayi ke iya zama haɗari. Mutum ya faɗi, abu na farko a ɗaga kansa a ɗura masa ruwa. Uwargida ta dama koko mai ruwa-ruwa tana ba shi da cokali yana kwance. Wani ya kawo jiƙo, wani ya kawo rubutu. Addu'a a yi ta, tofi a yi, babu mai hanawa. Amma duk abin da za a haɗiya, ko da cokali ɗaya ne, a dakata har ma'aikacin lafiya ya gwada haɗiyarsa.

Wani zai ce to a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta tun kafin ya kamu mana. Shi ma an gwada. Manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Holan ɗaya a Birtaniya, da aka fitar a 2015, sun nuna yin haka bai hana ciwon huhu ba, bai kuma sa mutane sun fi warwarewa ba. Ke nan sayen kafso a kemis "don rigakafi" ba shi ne mafita ba.

Abin da ya yi aiki ya fi haka sauƙi. A Ostareliya, Farfesa Sandy Middleton, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta jagoranci gwaji a sassan jinyar bugun jini 19, aka fitar a 2011. An horar da nas-nas su kula da abu uku a kwana ukun farko: su riƙa auna zafin jiki su sauke zazzaɓi da wuri, su riƙa auna suga su daidaita shi, su gwada haɗiya kafin a ba da abinci. Bayan kwana 90, waɗanda suka mutu ko suka kasa kula da kansu sun kai kashi 58 cikin 100 a inda ba a bi tsarin ba, amma kashi 42 ne a inda aka bi. Babu sabon magani a ciki, kulawa ce kawai.

"A kai shi gida"

Ga ɗan kasuwar da ke zaune a ƙasar waje, wannan ita ce shawarar da ta fi tsada. Da mutum ya faɗi a Akara ko Duwala, sai 'yan uwa su haɗa kuɗi a nemi mota, a ce gara a kai shi gida cikin danginsa. Niyyar mai kyau ce. Amma tafiyar kwana biyu a mota, cikin zafi, ana tsayawa a boda, ana ba shi ruwa a kwance, tana faɗawa ne daidai kan kwanakin da ƙwaƙwalwa ke kumbura, garkuwa kuma take ƙasa.

Asibitin da ya fi kusa, wanda ke da na'urar hoton kai, shi ne gida a wannan rana. Maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin sa'a 4 da rabi daga lokacin da alamu suka fara, don haka a riƙe lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe, a faɗa wa likita. Ko inda babu wannan magani, kwanciya a sashen da aka ware wa masu bugun jini tana rage mutuwa da naƙasa. Asibitin Korle Bu na Akara ya buɗe irin wannan sashe a 2014.

Kada a ba shi asfirin kafin hoto. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya da Kumasi, ya duba marasa lafiya 2,118, aka fitar da shi a 2018. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasu jijiya ce ta fashe, ba toshewa ta yi ba. Ga irin waɗannan, asfirin ƙara zubar jinin zai yi. Haka kuma kada a yi ta ɗura masa maganin hawan jini a gida don a sauke shi da sauri, domin yankin nan da ke tsakanin rai da mutuwa yana buƙatar ɗan jinin da ke isa gare shi.

Watannin gyara

Bayan mako ɗaya zuwa biyu, kumburi kan fara lafawa, aikin gyara ya kankama. Ƙwayoyin da suka tsira suna miƙa sabbin rassa, sassan da ke maƙwabtaka suna koyon aikin wanda ya mutu. Wannan dama ta fi buɗewa a wata ukun farko. Motsa jiki tare da masu gashin ƙashi, da maimaita aiki ɗaya sau da yawa, kamar ɗaukar kofi, ɓalle maɓalli, ƙirga kuɗi, jan carbi da hannun da ya mutu, shi ke nuna wa ƙwaƙwalwa inda za ta gina sabuwar hanya.

Sai dai ba a gaggawa. Wani gwaji a kan mutum sama da 2,000 da aka fitar a 2015 ya nuna matsa wa mara lafiya da tashi da tafiya mai yawa cikin sa'a 24 na farko ya rage yawan masu warwarewa. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana, bisa shawarar likita, ya fi. A riƙa juya shi a kan gado kada fata ta kwaile, a riƙa wanke masa baki da haƙora kullum domin rage ƙwayoyin cutar da za su iya gangarawa huhu, a zaunar da shi tsaye sosai idan zai ci abinci.

Mantuwa kuma fa? Kusan mutum 1 cikin 10 na samun ciwon mantuwa bayan bugun jini na farko. Farfesa Marion Buckwalter ta Jami'ar Stanford a Amurka da abokan aikinta sun nuna a 2015 cewa a cikin ɓeraye, wasu fararen ƙwayoyin jini kan tare a wurin raunin har makonni, kuma mantuwar kan biyo bayan taruwarsu. Ana ci gaba da bin wannan sawu a mutane. Ga iyali, abin lura shi ne idan Baba ya fara rikita lissafi ko saurin fushi bayan watanni, ba taurin kai ba ne, ba kuma sammu ba ne. A koma da shi wurin likita, a kuma samu amintacce ya kama masa littafin bashi da harkar shago cikin mutunci.

Tun kafin a kai nan

Binciken SIREN ya gano hawan jini shi ne uban tafiya: kusan kashi 90 cikin 100 na bugun jinin da aka gani yana da alaƙa da shi. Matsakaicin shekarun marasa lafiyar 59 ne, kuma da yawa ba su kai 50 ba, wato mutanen da ke tsakiyar neman na kansu. Ciwon suga, kitse a jini, teɓa, yawan gishiri, taba da rashin motsa jiki duk sun fito a jerin. Cin ganye kullum kuwa ya fito a matsayin abin da ke karewa, ga shi zogale da alayyafo da rama ba su fi ƙarfin kowa ba.

Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa ake raina shi. Na'urar awo guda ɗaya ta isa layin shaguna gaba ɗaya, kuma ƙungiyar 'yan kasuwa ko kwamitin masallacin zango na iya sayen ta a ajiye. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, kuma idan zai yi doguwar tafiya ya ɗauki wanda zai ishe shi har ya dawo. Kowa a gida, har yara, ya san alamu uku: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe. Ko da alamun sun wuce cikin minti goma, a tafi asibiti a ranar, domin sau da yawa gargaɗi ne na babban da ke tafe. A kuma yanke shawara tun yau, ana lafiya, wane asibiti za a nufa da kuma wa zai tuƙa motar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare sauran.